Zagayowar ruwa da kabon a kurmi da tundura

Zagayowar ruwa da zagayowar kabon su ne hanyoyin da ruwa da sinadarin kabon ke bi suna kai-komo tsakanin sararin sama, ƙasa, koguna da halittu masu rai. Kabon sinadari ne da ke cikin jikin duk wani abu mai rai. Gawayi ma kusan kabon ne zalla, kuma a cikin iska ana samunsa ne galibi a matsayin iskar kabon dayoksaid. Hanyoyin iri ɗaya ne a ko'ina a duniya, amma saurin tafiyarsu da wurin da ruwan ko kabon ke taruwa sun danganta da yanayin wuri. Babu inda wannan bambanci ya fito fili kamar tsakanin kurmin yankuna masu zafi, irin na Amazon da Kwango, da tundura, wato filayen sanyi marasa bishiya da ke kewaye da Tekun Aktik. A kurmi, ruwa da kabon suna juyawa da sauri duk shekara, kuma babban rumbun kabon shi ne jikin bishiyoyi. A tundura kuwa, sanyi yana tsayar da kusan komai na wata takwas ko tara, ruwa ya daskare, kabon kuma ya kwanta a cikin ƙasa, wani tun shekaru dubbai da suka wuce.

Wuraren biyu

Kurmi daji ne mai duhuwa da ke tsirowa kusa da layin ikwaita, inda ruwan sama ke kai milimita 2,000 ko fiye a shekara, zafi kuma ba ya sauyawa sosai daga wata zuwa wata. Mafi girmansa shi ne na Amazon a Kudancin Amurka, wanda kusan kashi 60 cikin 100 nasa yana cikin Birazil. Sai na kwarin Kogin Kwango, da na tsibiran Indonesiya da maƙwabtansu, da ragowar na Afirka ta Yamma kamar wanda ke Kuros Riba da kudu maso yammacin Kamaru. A birnin Manaus da ke tsakiyar Amazon, matsakaicin zafi yana wajen digiri 27 a ma'aunin salshiyos, ruwan sama kuma kimanin milimita 2,300 a shekara.

Kalmar tundura ta shigo harsunan duniya ta hanyar Rashanci, daga harshen mutanen Sami na arewacin Turai. Ana samun irin wannan fili a arewacin Alaska, Kanada, gaɓar Girinlan da arewacin Rasha. Ko a watan da ya fi ɗumi, matsakaicin zafi ba ya kai digiri 10, shi ya sa bishiya ba ta iya girma. Abin da ke tsirowa shi ne gansakuka, gajerun ciyayi da ƙananan itatuwa masu rarrafe a ƙasa. A garin Utqiagvik na Alaska, wanda ake kira Barrow kafin 2016, matsakaicin yanayin shekara kusan digiri 10 ne ƙasa da sifili. Rana ba ta fitowa ko kaɗan daga tsakiyar Nuwamba zuwa ƙarshen Janairu, sannan ba ta faɗuwa daga Mayu zuwa farkon Agusta. Akwai wani nau'in tundura a kan manyan duwatsu, amma bayanin da ke biye ya shafi ta Aktik ne.

Ruwa a kurmi

Ruwan da ke sauka a Amazon yana farawa ne daga Tekun Atlantika. Iskar da ke kaɗawa daga gabas tana ɗauko laima daga teku ta shigo da ita kan tudu, inda take zuba a matsayin ruwan sama. Ba duka ruwan ne ke isa ƙasa ba. Rassan bishiyoyi sun haɗe sama da mita 30 sun yi rumfa, ganye a kan ganye, kuma wannan rumfa tana tare kimanin kashi 10 zuwa 20 cikin 100 na ruwan, ya bushe a nan ya koma sama. Sauran yana ɗiga daga ganye ko ya biyo jikin itace a hankali, don haka ba ya dukan ƙasa da ƙarfi.

Abin da ya nutse cikin ƙasa ma ba ya daɗewa. Saiwoyi suna zuƙe shi, ya hau ta cikin itace, ya fita ta ƙananan ƙofofin da ke jikin ganye a matsayin tururi. Babbar bishiya ɗaya tana iya fitar da lita ɗaruruwa a yini. A gabashin Amazon, inda ake yin 'yan watanni ruwa ya yi ƙaranci, an gano saiwoyin da suka nutsa mita 8 ko fiye, kuma da su ne bishiyoyin ke ci gaba da jan ruwa ba tare da sun zubar da ganye ba. Tururin yana tashi da zafin safiya, hadari ya haɗu, kafin la'asar a sake yin ruwa. Idan aka haɗa lissafi, kusan rabin ruwan da ya sauka a kwarin Amazon yana komawa sama ta wannan hanya.

A shekarun 1970 masanin kimiyya ɗan Birazil Eneas Salati ya auna sinadaran ruwan sama da aka tara daga gaɓar Atlantika har zuwa yammacin kwarin, ya nuna cewa kaso mai yawa na ruwan da ke sauka a can ciki ruwa ne da dajin da kansa ya mayar sama. Ɗigo ɗaya yana iya sauka ya tashi sau biyar ko shida kafin iskar ta isa duwatsun Andes. Duwatsun suna tare iskar su karkatar da wani ɓangarenta kudu, inda take kai laima gonakin tsakiya da kudancin Birazil, Faragwai da arewacin Ajantina. Masana na ƙasar suna kiran wannan tafiyar tururi da koguna masu tashi sama. Ma'anar wannan binciken tana da nauyi: ba ruwan sama kaɗai ne ke raya kurmi ba, kurmin ma yana da hannu a ruwan da ake yi masa.

Rabin da bai koma sama ba yana gangarawa koguna. Kogin Amazon yana zuba kimanin mita kubik 200,000 na ruwa a teku a kowace daƙiƙa, abin da ya kai kashi 15 cikin 100 ko fiye na duk ruwan da kogunan duniya ke kai wa teku. A Manaus ruwan kogi yana hawa da sauka da kimanin mita 10 a kowace shekara, kuma dazuzzukan bakin kogi sukan yi watanni a tsaye cikin ruwa.

Ruwa a tundura

Ta fuskar ruwan sama, tundura hamada ce. Yawancinta tana samun milimita 150 zuwa 250 a shekara, har da dusar ƙanƙara idan an narkar da ita an auna. Utqiagvik ba ya ma kai milimita 150, wato kusan daidai da abin da Agadas ke samu a Nijar. Dalili shi ne iska mai sanyi ba ta iya ɗaukar laima mai yawa, kuma tekun da ke kusa a rufe yake da ƙanƙara mafi yawan shekara.

Duk da haka, wanda ya ga tundura a watan Yuli zai tarar da tafkuna da fadamu iya ganinsa, ƙasa kuma tana nutsewa da ƙafa kamar soso. Abubuwa uku ne suka haɗu suka jawo haka. Sanyi ba ya barin ruwa ya ƙafe da sauri, kuma gajerun tsirrai ba sa jan ruwa mai yawa. Filin shimfiɗaɗɗe ne, ruwa ba ya samun gangara. Na uku, wanda ya fi sauran muhimmanci, shi ne daskararriyar ƙasa.

Daskararriyar ƙasa ita ce ƙasar da ta shekara biyu ko fiye a jere ba ta haura digiri sifili ba. A arewacin Alaska kaurinta yana kai kimanin mita 600, a wasu sassan Saibiriya kuma ya haura mita 1,000. Saman ta kaɗai ke narkewa da bazara, kuma a wurare da yawa zurfin narkewar bai fi rabin mita zuwa mita ɗaya ba. Abin da ke ƙarƙashi kamar daɓen siminti yake, ruwa ba ya ratsa shi. Don haka ɗan ruwan da aka samu yana kwance a sama, ba shi da hanyar nutsewa ya zama ruwan ƙarƙashin ƙasa kamar yadda yake yi a wasu wurare. A lokacin hunturu ƙasar takan tsattsage saboda tsananin sanyi, kamar yadda lakar tafki ke tsagewa da rani. Ruwa ya shiga tsagar ya daskare, shekara bayan shekara, har ƙanƙarar ta yi kauri kamar bango a cikin ƙasa. Daga jirgin sama ana ganin filin a yanyanke kamar saƙar zuma.

Shekarar ruwa a tundura gajeriya ce. Dusar da ta taru tun daga Satumba tana narkewa cikin 'yan makonni a ƙarshen Mayu da Yuni, lokacin da ƙasa ba ta riga ta saki ba. Ruwan sai ya bi saman ƙasa ya cika koguna a lokaci guda, kuma kaso mai yawa na ruwan da kogin zai ɗauka a shekarar yana wucewa ne a wannan ɗan taƙin. Da hunturu ya dawo, ƙananan koguna suna daskarewa har ƙasa su daina gudu.

Kabon a kurmi

Tsirrai suna zuƙar kabon dayoksaid daga iska, su haɗa shi da ruwa ta amfani da hasken rana su yi abincinsu. A kurmi akwai haske, zafi da ruwa kullum, don haka wannan aiki ba ya tsayawa. Alƙaluman da masanan muhalli Robert Whittaker da Gene Likens suka tattara a shekarun 1970 sun nuna cewa kowace murabba'in mita ta kurmi tana samar da kimanin giram 2,200 na sabon tsiro a shekara, idan aka auna shi a bushe. Tundura tana samar da kimanin giram 140. Nauyin tsirran da ke tsaye ya fi haka tazara: kimanin kilo 45 a murabba'in mita a kurmi, ƙasa da kilo 1 a tundura. Kusan rabin nauyin busasshen itace kabon ne. An ƙiyasta cewa Amazon gaba ɗaya yana riƙe da tan biliyan 150 zuwa 200 na kabon, idan aka haɗa na bishiyoyi da na cikin ƙasa.

Kamar yadda kabon ke shiga da sauri, haka yake fita. Bishiyoyin da kansu suna numfashi dare da rana, suna mayar da fiye da rabin abin da suka zuƙa. Ganyen da ya faɗi kuwa, gara, naman gwari da ƙananan ƙwayoyin halitta suna cinye shi cikin watanni, domin ɗumi da danshi su ne abin da ruɓewa ke buƙata. Shi ya sa duk yawan ganyen da ke zuba, ba ya taruwa ya yi kauri a gindin bishiyoyi.

Wannan ne ya sa ƙasar kurmi ba ta da ƙarfin da mutum zai yi zato idan ya ga girman itatuwan. Ruwan sama na shekaru masu yawa ya wanke mata gishirin da tsiro ke buƙata, ya bar jar ƙasa mai tsami. Abincin dajin yana cikin dajin, yana juyawa daga ganye zuwa saiwa, daga saiwa zuwa ganye. Wani ɓangare na abin da ruwa ke wankewa yana dawowa ne daga Afirka: ƙurar Sahara, irin wadda iskar hunturu ke tasowa daga wurare kamar kwarin Bodele a Chadi, tana tsallaka Atlantika. Wani bincike da aka yi da tauraron ɗan'adam na hukumar NASA, wanda aka wallafa a 2015, ya ƙiyasta cewa ƙurar tana kai wa Amazon kimanin tan 22,000 na sinadarin fosforas a shekara.

Tsohon kurmin da ba a taɓa ba yakan zuƙi kabon fiye da wanda yake fitarwa, amma da ɗan ƙaramin rata. Ma'aunin da aka daɗe ana yi wa bishiyoyi a filaye ɗaruruwa a Amazon ya nuna cewa wannan rata ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku tsakanin shekarun 1990 da shekarun 2000, musamman saboda bishiyoyi suna mutuwa da wuri.

Kabon a tundura

Tsirran tundura suna da kimanin wata biyu ne kawai na girma a shekara. Suna amfana da ranar da ba ta faɗuwa, amma ƙasa tana da sanyi, saiwa ba ta iya zurfi, abinci kuma ya yi ƙaranci. Abin da suke samarwa kaɗan ne, kuma mafi yawan jikinsu yana ƙarƙashin ƙasa a matsayin saiwa.

Sai dai ruɓewa ta fi girman tsiro jinkiri. Ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da matattun tsirrai ba sa aiki sosai cikin sanyi, kuma ƙasar da ta jiƙe sharkaf ba ta da iskar da suke buƙata. Ganyen da zai ɓace cikin watanni a Amazon yana iya yin shekaru a nan. Kowace bazara ana samun ɗan ragi da bai ruɓe ba, sabon tsiro ya rufe shi, daskarewa da narkewa su dinga cusa shi ƙasa, har ya isa inda ba ya sake narkewa. Da zarar ya kai can, ya fita daga zagayowar. A arewa maso gabashin Saibiriya da sassan Alaska akwai ƙasa mai kaurin mita gommai da ta taru tun zamanin ƙanƙara, cike da saiwoyin ciyayi da ƙasusuwan dabbobin da suka ƙare, har da giwa mai gashi da ake kira mamot, wadda wani lokaci ake haƙo ta da namanta.

Tarin shekaru dubbai ya yi yawa ƙwarai. An ƙiyasta cewa ƙasar yankin da ke da daskararriyar ƙasa a arewacin duniya, wanda ya haɗa tundura da dazuzzukan sanyi da ke kudu da ita, tana riƙe da tan biliyan 1,400 zuwa 1,600 na kabon. Wannan ya kusan ninka wanda ke cikin sararin sama sau biyu, ya kuma ninka na Amazon sau da yawa. Filin da ba shi da bishiya ko ɗaya yana iya riƙe kabon a kowace hekta daidai da kurmi ko fiye, sai dai ido ba ya ganinsa.

A nan ne ruwa ke yanke hukuncin irin iskar da za ta fita. Inda ƙasa ta narke kuma ta tsane, ruɓewa tana fitar da kabon dayoksaid. Inda ruwa ya kwanta, wasu ƙwayoyin halitta da ba sa buƙatar iska su ke aikin, kuma su iskar metan suke fitarwa. A tsawon shekara 100, metan yana riƙe zafi kusan sau 30 fiye da kabon dayoksaid mai nauyi ɗaya. A tafkunan Alaska da Saibiriya ana ganin kumfarsa a maƙale cikin ƙanƙara, kuma idan aka huda aka kusanto da wuta yakan kama.

Kurmin da ke ajiye kabon a ƙasa

Ba kowane kurmi ne ke bin tsarin da aka bayyana ba. Inda ruwa ya kwanta a gindin bishiyoyi duk shekara, rashin iska yana hana ruɓewa kamar yadda sanyi ke yi a Aktik, matattun tsirrai su taru su zama baƙar ƙasa mai laushi da ake kira fit. A 2017 aka wallafa taswirar irin wannan fadama a tsakiyar kwarin Kwango, a ƙasashen Kwango biyu, mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 145,000, ɗauke da kabon kusan tan biliyan 30. A Sumatra da Borneo ma akwai irinta, kuma bayan an haƙa magudanai an tsane wasu don noman kwakwar manja da itacen takarda, busasshiyar ƙasar ta riƙa cin wuta ta ƙarƙashi na watanni, kamar yadda aka gani a 1997 da 2015.

Sare daji, gobara da ɗumamar yanayi

Da yake rumbun kurmi a sama yake, gatari da wuta suna iya buɗe shi cikin kwanaki. An riga an sare kusan kashi 17 cikin 100 na Amazon, galibi don kiwon shanu, sai noman waken soya, hanyoyi da haƙar ma'adinai. Hukumar binciken sararin samaniya ta Birazil, INPE, ta ƙidaya murabba'in kilomita 27,772 da aka sare a 2004. Adadin ya sauko zuwa 4,571 a 2012 bayan an tsaurara doka, ya sake hawa zuwa kimanin 13,000 a 2021, sannan ya sake yin ƙasa. Idan aka sare daji aka ƙone, kabon yana tashi nan take, zagayowar ruwa kuma ta karye. Ruwa yana dukan ƙasa kai tsaye ya kwashe samanta zuwa kogi, ciyawar makiyaya ba ta jan ruwa daga zurfi da rani, tururi ya ragu, ruwan da zai sauka a dajin da ke gaba ma ya ragu. An yi manyan fari a Amazon a 2005, 2010, 2015 zuwa 2016 da 2023, kuma a Oktoban 2023 Kogin Negro a Manaus ya sauka zuwa mita 12.7, mafi ƙanƙanta tun da aka fara aunawa a 1902, kafin 2024 ta karya wannan adadi. Wani bincike da Luciana Gatti ta jagoranta, wanda ya auna iska da ƙananan jirage daga 2010 zuwa 2018, ya gano cewa kudu maso gabashin Amazon yana fitar da kabon fiye da wanda yake zuƙa. Masana biyu, Thomas Lovejoy da Carlos Nobre, sun yi gargaɗi a 2018 cewa idan saran ya kai kashi 20 zuwa 25 cikin 100, manyan sassan dajin na iya rikiɗewa zuwa fili mai bishiyoyi jefi-jefi. Ana muhawara a kan takamaiman adadin.

Rumbun tundura kuwa sanyi ne ke gadinsa, kuma babu dokar wata ƙasa ɗaya da za ta iya tsare shi. Tun daga 1979 yankin Aktik yana ɗumama kusan sau huɗu fiye da matsakaicin duniya. Narkewar bazara tana ƙara zurfi, inda ƙanƙarar cikin ƙasa ta narke kuma ƙasa tana ruftawa, wani wuri sabon tafki ya fito, wani wuri tsohon tafki ya tsiyaye ya bushe. Gine-gine ma suna iya narkar da ƙasa. Saboda haka ne bututun man da ya taso daga Prudhoe Bay ya ratsa Alaska, wanda aka kammala a 1977, aka ɗora fiye da rabinsa a kan ginshiƙai, don kada ɗumin man ya taɓa ƙasa.

Ɗumin yana sa ƙananan itatuwa su ƙara tsayi da yaɗuwa, kuma hakan yana zuƙe wani kabon. Amma itatuwan da suka ɗago sama da dusa suna rage farin da ke mayar da hasken rana, kuma suna tara dusa mai kauri da ke lulluɓe ƙasa ta hana sanyin hunturu shiga. Gobara, wadda a da ba kasafai ake ganinta a tundura ba, ta fara yawaita. Wadda aka yi a yankin Kogin Anaktuvuk na Alaska a 2007 ta ƙone kimanin murabba'in kilomita 1,000, ta saki kabon kusan tan miliyan 2, mafi yawansa daga cikin ƙasa. A rahotonta na shekara-shekara kan Aktik na Disambar 2024, hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka, NOAA, ta bayyana cewa idan aka haɗa da hayaƙin gobara, tundura yanzu tana fitar da kabon dayoksaid fiye da wanda take zuƙa.